Daga Damagaram Zuwa Matameye Minti Bakwai Ne

Ban taɓa shiga jirgin sama ba, ga shi har furfura ta cinye mini kai. Amma jirgin sama ne ya raba ni da uwata, jirgin da ko ƙararsa ban ji ba, labarinsa kawai na ji a rediyo kamar kowa.

A shekarar da fari ya sake dawo mana ne, soja na mulki, Najeriya kuma ta rufe iyakarta. Ina koyarwa a lakwal ta Matameye, ajin ƙarshe, na yaran da za su zauna jarrabawar fita. Madam ake ce mini, yara da iyayensu, har da waɗanda suka san ni tun ina yawo ba ɗankwali. Maigidana tela ne. Ya tafi cin rani Kano kamar yadda ya saba kowace shekara, aka rufe iyaka yana can. Masu ƙafa suna ratsowa ta daji su dawo gida, shi kuwa keken ɗinkinsa ya riƙe shi, ba ya iya ɗauko shi a ka ya bi gonaki, ba ya kuma iya barin sa a hannun wani. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna. Gidan ya rage daga ni sai Inna.

Inna mahaifiyata ce, ni kaɗai na rage mata a duniya. Shekara biyu kafin nan ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta dai bai shanye ba, wannan kam Allah ya bar mata shi da kaifinsa. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka, ni ke kai ta bayan gida in dawo da ita. Da an buga ƙarfen hutun hantsi, sauran malamai su zauna gindin bishiya suna hira, ni sai in tattare zanena in ruga gida, in ba ta ruwa, in gyara mata kwanciya, in dawo kafin a sake bugawa. Lakwal da gidanmu ba nisa, in aka ƙwala kira ana ji. Don haka ne na yi ta roƙo har aka bar ni aiki a garinmu, abin da ba kowane malami ke samu ba. Kowa a Matameye ya san in aka ɗaga ni daga wannan lakwal, to an gama da tsohuwar nan.

Yunwar shekarar ba sai na tsaya ina zayyana ta ba, wanda ya gani ya gani. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Fadamun da muke tinƙaho da rakensu, rijiyoyinsu sai an ɗaura igiya a kan igiya. Mata na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, a dafa a ci, a ce an ci abinci. A ajina benci sun fara zama wayam, don gida guda sai ya tashi gaba ɗaya, a nemi mutanensa a rasa. Yaran da suka rage, da rana ta ɗaga sai ka ga kawunansu na saukowa kan tebur ɗaya bayan ɗaya. Da farko ina daka musu tsawa. Daga baya na daina, don na gane ba barcin raini ba ne.

Sai rannan rediyo ya ce ga agaji ya iso. Wai wani ƙaton jirgi ya taso daga Faris shaƙe da hatsi da madarar gari, ya sauka Yamai, manya sun je tarye. Aka faɗa da Faransanci, aka faɗa da Hausa, aka faɗa da Zabarmanci, aka sake maimaitawa da yamma ko da wani bai ji ba. Bayan 'yan kwanaki aka ce rabon jiharmu ya iso Damagaram, yana mangaza, wato rumbun ajiyar gwamnati, ana shirin rabawa. Aka bi unguwa-unguwa aka rubuta sunayen masu gida, aka ce kowa ya tanadi buhunsa.

Mun tanadi buhu. Kasuwa ta ci, ta sake ci, har sau shida, buhu na nan a ninke.

Kullum safiya mata na taruwa a ƙofar mangazar garinmu, wasu tun daga Ɗan Barto, wasu daga Kurni da Icirnawa, a ƙafa, da goyo, da buhu a ka kamar gammo. Mai gadi ya fito ya ce, "Ba a kawo ba, sai gobe." Yau a ce babu kamiyo, babbar motar ɗauko hatsin, gobe a ce akwai kamiyo babu mai, jibi a ce akwai mai, takarda ce ba a sa wa hannu ba. Ban san wanda ya riƙe hatsin nan ba, har yau ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Abin da na gani da idona su ne matan, don ta gabansu nake wucewa in tafi aiki.

Ranar da abin ya faru, na baro Inna ta sha wani kunu da ya fi kama da ruwan wankin ƙwarya. A ƙofar mangaza na ga wata tsohuwa, sa'ar Inna, ta tsuguna inda aka saba sauke buhuna tana tsintar ƙwayar dawa a cikin yashi, ta hure, ta ƙulle a bakin zane. Mai gadin na tsaye a kanta yana sakace haƙori. Na iso aji zuciyata na tafasa. Ni kuwa in ta tafasa ba na iya rufe tukunyar, haka Allah ya yi ni, kuma ban taɓa zuwa wurin malami neman magani ba.

Darasin lissafi ne, na gudu da nisa da lokaci. A dokar aikinmu, duk abin da malami zai koyar sai ya rubuta shi a kayensa, wato littafinsa na shirin darasi, direktan lakwal ya duba ya sa hannu da safe. Abin da na rubuta direkta ya sa wa hannu tambaya ɗaya ce, irin wadda ake samu a kowane littafi. Jirgi ya tashi daga Faris zuwa Yamai, tsakaninsu kilomita wajen dubu huɗu, ya yi awa biyar a sama, kilomita nawa yake ci a awa guda? Na rubuta a babban allo. Yara suka duƙufa, suka ɗaga 'yan allunansu, ɗari takwas. Daidai.

Nan ya kamata in ajiye alli. Ba zan ce Shaiɗan ne ya riƙe mini hannu ba, a bar bawan Allah da laifinsa, ni ce. Na rubuta ta biyu: da wannan gudun, awa nawa zai yi daga Yamai zuwa Damagaram, kilomita wajen ɗari tara? Suka ce awa guda da 'yan mintoci. Na rubuta ta uku: daga Damagaram zuwa Matameye fa, kilomita casa'in? Wannan ta ɗan ba su wuya, don sai an mai da awa minti. Na bi benci-benci ina leƙawa. Can suka fito da shida da wani abu a kai, na ce su cike shi su ce bakwai, a huta. Na rubuta da manyan baƙaƙe na ja layi biyu a ƙarƙashi, minti bakwai.

Sai wata yarinya da ke zama a bencin gaba, 'yar mitsitsiya amma kanta na ja, ta ɗaga hannu. Doka ce ba a Hausa a cikin aji, wanda ya yi sai a rataya masa wani ƙashi a wuya ya wuni da shi. Ita kuwa da Hausa ta yi tambayarta, ko rage murya ba ta yi ba.

"Madam, to ina hatsin?"

Ba wanda ya tashi ɗauko ƙashi. Na ce mata, ni ma da Hausa, "Wannan ba ya cikin darasin yau. Ku kwafe." Suka kwafe a kayensu, tambaya uku da amsa uku, da rubutu mai kyau, don ni ba na karɓar ƙazamin rubutu ko ana yunwa.

Abin da yaro ya kwafe, gida yake kai shi. Kafin kasuwa ta sake ci maganar ta gama gari. Mai shayi in ka ce ya yi sauri sai ya ce, "Haƙuri, minti bakwai ne." Mace in mijinta ya fita neman cefane ya daɗe, sai ta ce ya tafi minti bakwai. Matan ƙofar mangaza, waɗanda ba su taɓa taka lakwal ba, ba su san minti ba balle kilomita, su suka fi kowa riƙe ta. Mai gadi ya fito ya ce sai gobe, sai wata daga baya ta ce, "Minti bakwai dai, ɗan nan," sauran su ɗauka. Ba zagi, ba jifa, kalma biyu ce kullum safiya daga bakin mata masu yawa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai, har tafiyata ta canza.

Direktanmu dattijo ne, abokin marigayi babana, saura masa shekara guda ya huta da aiki. Ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya buɗe kayena na shiri yana juya shafi. Da ya ga tambaya ɗaya ce tak a saman sa hannunsa, sai ya sauke wani numfashi, har ya ba ni tausayi.

"Ɗiyata, me ya kai ki?"

"Lissafi ne, Baba. Yana cikin abin da aka ce mu koyar."

"Ni za ki gaya wa abin da aka ce a koyar? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Kumandan na neman ki gobe ƙarfe takwas. Ni dai ban gani ba, ban sa hannu ba, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Sannan ya ce a hankali, "Ki tuna da tsohuwar nan."

Kumandan shi ne sojan da aka ɗora a kan yankinmu a lokacin. Na zaci dodo zan tarar a bironsa, wato ofishinsa. Sai na tarar da matashi, bai fi ni da shekara biyar ba, kakinsa a goge, Faransancinsa ya fi nawa santsi. Kayen ɗaya daga cikin yarana na kan teburinsa a buɗe. Bai ce in zauna ba. Ya bar ni tsaye sai da ya gama karanta wata takarda, sannan ya ɗago.

"Madam, ke ce mai jirgin sama."

"Ni ce mai lissafi, ranka ya daɗe. Jirgin na rediyo ne."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce ƙasa na cikin wani hali, gwamnati na iya ƙoƙarinta, ba za a bar malamar lakwal tana zuga mata a ƙofar mangaza ba. Na ce ban zuga kowa ba, ban taɓa tsayawa a ƙofar mangaza ba, wucewa nake yi. Ya ce ya sani. Ya ce ya kuma san ina da uwa a kwance, ya san ƙarfe nawa nake zuwa in juya ta. Nan na kama bayan kujerar da ba a ba ni ba.

"Abu mai sauƙi ne," in ji shi. "Ranar Litinin zan zo ajinki. Ki tsaya gaban yara ki ce kin yi kuskure a lissafin nan, magana ta mutu. In ba haka ba, akwai ƙauyuka can arewa da suka daɗe suna neman malami, kuma kin san ba a tambayar ma'aikaci ko yana so."

Barin aiki ba ya cikin zancen. Tun ina makarantar horon malamai na sa hannu zan yi wa gwamnati shekara goma, ban cika ba, kuma a zamanin soja wanda ya ƙi zuwa inda aka tura shi ba gidansu yake komawa ya miƙe ƙafa ba. Ban da wannan ma, albashin nan shi ne kunun Inna.

Na dawo gida na tarar labari ya riga ni, maƙwabciyarmu ta kai mata. Inna ba ta kiran sunana, don ni ce ta fari, "ke" take cewa, in abin ya yi daɗi ta ce "ɗiyar nan". Bayan la'asar na fito da ita bakin ɗaki ina tsefe mata kai, ta bar ni sai da na yi nisa.

"Ke, me suka ce ki faɗa?"

"Wai in ce na yi kuskure."

"To ki ce mana. Bakinki zai tsage?"

"Ban yi kuskure ba, Inna."

"Wa ya tambaye ki ko kin yi? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in kin miƙe tsawonki na nan. Ni shekara nawa na yi ina ce wa ubanki ya yi gaskiya, ko sau ɗaya bai yi ba, ga ni nan ban mutu ba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta kamo wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, ta riƙe da wani ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Tun da na kwanta ban roƙe ki komai ba, ke kike yi don kanki. Yau ina roƙon ki. Ba na so in koma hannun mutane."

Na ce to. Na ce mata wallahi zan faɗa. Kuma da gaske nake, Allah shaida ne. Asabar da Lahadi na yi su ina bitar maganar kamar mai haddar karatu, ina daka ina cewa, ina wanki ina cewa: yara, akwai kuskure a lissafin da muka yi. Na ce a raina, kalma nawa ce, in haɗiye ta kamar kinin a wuce wurin.

Ranar Litinin motarsa ta tsaya a ƙofar lakwal. Ya shigo da soja biyu, ya bar su a bakin ƙofa, ya wuce can baya ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Direkta ya rakuɓe jikin taga yana share gumi. Yara suka tashi suka gaishe shi, suka zauna, ko tari babu. Na ce su buɗe kayensu a shafin jirgi. Na tsaya, na faɗi abin da na haddace, ban rage ko harafi ba.

"Yara, akwai kuskure a lissafin da muka yi."

Na cika alkawari ke nan, a ganina, saura in ce a rufe kaye. Sai na ji wata ƙara da na sani sarai, ƙarar katakon ja-layi ana fiddo shi daga jaka, aji guda a lokaci guda. Abin da na manta ke nan, shi kuma kumandan bai sani ba. A ajina, tun ranar farko, in aka ce an yi kuskure ba a wucewa haka nan. Kowa ya ja layi a ƙarƙashin aikin, ya rubuta "gyara", ya jira a nuna masa inda aka kauce da amsar da take daidai. Ni na dasa musu wannan, da tsawa da bulala, shekara guda cur. Na sha gaya musu cewa wanda ya ce ka yi kuskure bai nuna maka gyara ba, zagin ka ya yi, ba koyarwa ba. Ga su nan sun ja layi, sun rubuta "gyara", sun ɗago kai da alƙalami a hannu, 'yar mitsitsiyar nan ta gaba har ta buɗe baki tana jira.

To wace lamba zan ba su? In ce kwana arba'in? In ce jirgin bai tashi ba? Duk abin da na rubuta a allon nan za su kwafe shi da rubutu mai kyau, su haddace, su kai shi ɗakin jarrabawa, don Madam ce ta faɗa. Yaran nan sun zo da ciki wayam, abin da kawai nake iya ba su ke nan, amsar da take daidai. Na tuna da Inna, kada wani ya ce ban tuna ba. Na ji riƙon hannunta a wuyan hannuna. Duk da haka na ɗauki alli na juya.

Na sake lissafin daga farko, a hankali, ina faɗa suna bi. Casa'in sau sittin, a raba da ɗari takwas. Shida ta fito, da saura. A baya nan na tsaya, yau na bi sauran har ƙarshe na mai da shi daƙiƙa.

"Kuskuren nawa ne," na ce musu. "Ni na ce ku cike, don ganda. Ba minti bakwai ba ne. Minti shida ne da daƙiƙa arba'in da biyar. Ku gyara."

Suka sunkuya suna rubutu. Na zana gicciyen nan a gefen allo na yi gwajin tara, wanda duk wanda ya taɓa zama a bencin lakwal ya san da shi ake tabbatar da rabawa. Lambar dama da ta hagu suka zo ɗaya. Tunda na riga na jiƙe, ban ga amfanin gudun ruwa ba, na juya can baya.

"Ranka ya daɗe, ko za ka duba mana?"

Ya dubi allon. Na ga leɓɓansa na motsi, yana bin lambobin, shi ma wata Madam ko wani Mushe, kamar yadda ake kiran malami namiji, ya taɓa tsayawa a kansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zare gwiwoyinsa daga bencin, ya sa hularsa, ya zo ya wuce ta gabana.

"Daidai ne, Madam," in ji shi, ya fita.

Direkta ya sulale ya zauna a kan dakalin ƙofa, ya dafe kai da hannu biyu. Ni kuwa na ce a rufe kayen lissafi a buɗe na karatu, muka ci gaba har aka buga ƙarfe.

Ranar Laraba takardata ta iso daga Damagaram. Ashe akwai mota, akwai mai, akwai mai sa hannu. An tura ni wani ƙauye can bayan Tanut, tafiyar kwana uku a bayan kamiyo, babu gidan likita, rijiya ɗaya. An ba ni mako guda in kama aiki.

Na yi duk abin da ake yi. Na je wurin direkta, ya ce ba ya da baki. Na je wurin Alhazan gari biyu da ake jin maganarsu, suka ce sun ji, za su gani, ban sake jin ɗuriyarsu ba. Na tambayi likita ko Inna za ta iya tafiyar, ya ce in ina so in binne ta a bakin hanya, bismillah. Na aika wa maigidana saƙo ta hannun masu ratsa daji, bai same shi ba sai bayan wata biyu. Biron kumandan ne kawai ban koma ba. An ce in je in durƙusa in ba da haƙuri, wataƙila ya sassauta. Na ce haƙurin me, shi da bakinsa ya ce daidai ne. Maƙwabciyarmu ta karɓi Inna, Allah ya saka mata, mace ce mai 'ya'ya shida da nata ciwon baya, ta ce za ta yi iya yinta.

Hatsi ya zo bayan tafiyata da kwana tara, jar dawa, aka raba. Mutanen gari suka ce albarkacina ne. Ban sani ba, wataƙila da ma ranar zuwansa ke nan, ni dai ko ƙwaya ban ci ba. Har yau in na shiga kasuwa wasu tsofaffi na nuna ni ga jikokinsu, wai ga jarumar da ta tsaya wa soja. Ba na so, kuma nakan gaya musu ba na so. Lissafina daidai ne, ko yau aka sake tara mini yara da kumandan a bencin baya, lambar nan zan rubuta, ba zan canza ko daƙiƙa ɗaya ba. Amma jarumi shi ke biyan abin da ya ɗauko. Ni na yi taurin kai, Inna ta biya. Wata huɗu ta yi a hannun mutane, ta rasu ana saura mako uku a ba mu hutu, labari ya same ni an riga an yi addu'ar bakwai.

Safiyar da zan tafi, na yi mata wanka na ƙarshe, na shafa mata mai, na ɗaura mata zanen da ta fi so. Tun ranar Litinin ɗin nan ba ta yi mini maganar ba, ko sau ɗaya, ita da ba ta barin ta kwana. Direban kamiyo ya aiko a ce lokaci ya yi. Na durƙusa a bakin gadonta kamar yadda matafiyi ke yi, na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"Na yafe miki, duniya da lahira," in ji ta. "Allah ya kai ki lafiya. Amma ba ki kyauta mini ba."

Ta so ta juya ta fuskanci bango, jikin ya ƙi. Ni na juya ta, na gyara mata matashin kai, na ɗauki akwatina na fita.